Kujerar Baya

Wane baya Malam yake nufi? Shekaru ke nan ina juya tambayar nan. Na juya ta a kan darduma, na juya ta a bakin murhu, har yau ban samu amsa ba. Wanda zai ba ni amsar yana kwance cikin ƙasa, bakinsa ya rufe kafin in ce masa ya ƙara bayani.

Ni ce Hansai, matar marigayi Malam Lawal direba na Ƙofar Guga. Ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma saboda ku jikokina nake faɗa. Na ji abin da ake gaya muku, wai kakanku ya bar duniya yana fushi da babbar ɗiyarsa, wai da bakinsa ya ce ta sauka daga shugabanci. Masu faɗin haka ba sa cikin ɗakin. Ni ce nake ciki. Zan gaya muku abin da idona ya gani da abin da shi ya gaya mini. In mai rubutu ta ga na tsaya, kuka ne ya tsaida ni, ta jira ni.

Malam tuƙi ya yi duk rayuwarsa, a wani ofishi mai gyaran rijiyoyin burtsatse da famfunan tuƙa-tuƙa na ƙauyuka. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, wasu daga cikin mutanen suna raye. Shi ne direban shugaban sashen. Shugabanni sun zo sun tafi, shi yana nan, shi da farar motar nan mai ƙofa huɗu. Aikin yana da ladubbansa, Malam kuma ya riƙe su kamar yadda ya riƙe alwala. Direba shi ke buɗe wa mai gida ƙofa. Direba ba ya fara magana. Direba ba ya kallon mai gida ta madubi. Mai gida kuma a baya yake zama. Wannan kujerar ta baya ita ce sarautar gaba ɗaya. Duk wanda ya hango motar ofis daga nesa, ba fuskar wanda ke gaba yake nema ba, ta wanda ke baya yake nema. Gaba wurin ƙananan ma'aikata ne da mai riƙe jaka.

'Yarmu ta fari sunan mahaifiyarsa aka raɗa mata, don haka babu mai faɗin sunan a gidanmu. Uwani ake ce mata. Ni ko Uwanin ma da ƙyar yake fita bakina, kun san kunyar 'yar fari a wurin mutanen zamaninmu. Ban taɓa yaba mata a gabanta ba, ban taɓa jan ta jikina a gaban mutane ba. Shi kuwa Malam babu ruwansa da wannan kunyar. Uwata yake ce mata. In ya kawo motar gida zai wanke, sai ya ɗauke ta, tana 'yar mitsitsiya da ɗan kamfai, ya buɗe ƙofar baya ya ajiye ta a kujerar mai gida, ya zagaya ya kama sitiyari.

"Ranki shi daɗe, ina muka nufa yau?"

"Makka!"

"To a gyara zama, hanya da nisa."

Haka za su yi ta tafiya motar tana tsaye a ƙofar gida, shi yana ƙugin inji da baki, ita tana ɗaga wa awakin unguwa hannu.

Shi ya tsaya mata ta yi karatu har ta zama injiniyar ruwa. Dangi sun yi dariya, suka ce ina aka taɓa ganin mace da sifana. Da ta gama aka ɗauke ta aiki a ofishin da yake. Ta yi aure a Ƙofar Durbi, mijinta malamin makaranta ne, mutum mai sanyi, bai hana ta ba, bai kuma tsaya mata ba. Ta haihu, ta yi goyo, ta ci gaba da bin ƙauyuka. Duk tsawon shekarun nan babu wanda ya damu da ita. Ita ce mai shiga rana, ita ce mai dawowa da baƙin mai a zane, kowa yana cewa ɗiyar Lawal akwai ƙoƙari. Sai da shugaban sashen ya yi ritaya, aka duba aka ga babu wanda ya kai ta daɗewa da takardu, sannan aka tuna mace ce.

Ba su ba ta kujerar kai tsaye ba. Riƙon ƙwarya suka ce, kafin a zauna a tabbatar. Da Malam ya kawo mini labarin na tambaye shi ma'anar maganar, ya ce ai ta riƙe ne kafin a ga mai ita. Na ce masa wannan ai ba sabon aiki ba ne, tun muna yara mu mata muke riƙon ƙwarya, ba a dai taɓa cewa nonon namu ba ne. Ya yi dariya har da tari. Ranar ya aika aka sayo tsire, ya raba wa yaran maƙwabta alewa. Wannan ita ce dariya ta ƙarshe da na ji ya yi tun daga cikinsa.

Safiyar farko ya wanke motar nan har tayoyi, ya sa farin kaftani mai guga, ya tafi ɗauko ta. Da yamma ya ba ni labari yana dariyar yaƙe. Ya ce ya tsaya a ƙofar gidanta, ya fito ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya gefe kamar yadda ya saba yi wa shugabanni. Ta fito ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina kwana? An tashi lahiya? Ya Iya?"

"Lahiya lau, Uwata. Bismilla."

"Baba, mi kake yi haka?"

"Aikina nike yi. Shiga."

"Ni in hakimce a baya kana tuƙa ni? Allah shi tsare ni. Wallahi ƙafata ba ta iya shiga nan."

"Ba ke na buɗe ma ƙofa ba, kujerar na buɗe ma."

Ta zagaya ta buɗe gaba da hannunta ta zauna kusa da shi. Ya ce ya daɗe riƙe da ƙofar, har masu wucewa suka fara kallo, sannan ya rufe.

Akwai mataimakinta, Bishir, injiniya ne shi ma, amma ita ta koya masa aiki, ita ta nuna masa yadda ake sauraren famfo a gane ciwonsa. Ba zan ce mugu ba ne. Mutum ne dai da ya ga wuri babu kowa. Duk ranar da za a fita ƙauye, tunda ita tana gaba, shi sai ya shige baya ya miƙe ƙafa. Da fari da ɗan neman izini, daga baya ko kallonta ba ya yi.

Wata rana suka je wani ƙauye da famfonsu ya daɗe da mutuwa. Mai gari da dattawansa suna zaune a gindin bishiya suna jira. Motar na tsayawa suka taso, suka wuce ƙofar gaba, suka nufi ta baya. Mai gari da kansa ya kama hannun Bishir da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, sannu da hanya. Yau Allah ya tuna da mu."

Bishir ya amsa gaisuwa. Bai gyara ba. Sai mai gari ya juya ya ga Uwani tana fitowa, ya dubi Malam.

"Malam direba, baƙuwa ka ɗauko mana? Wace ce?"

"Ɗiyata ce."

"Madalla. Kai, a shiga da Hajiya cikin gida wurin iyali, ta sha fura ta huta kafin maza su gama aiki."

Ta shiga. Dattijo ya ce ta shiga, a gaban ubanta, ina za ta sa musu? Ta sha furar, ta gaisa da matan, sannan ta fito ta ɗaure mayafi a ƙugu ta je bakin famfon. In ta ce a ɗaga bututu, leburori sai su dubi Bishir. In ya maimaita abin da ta faɗa, sai su ɗaga. Ruwa ya zo kafin la'asar. Aka yi wa Bishir addu'a, aka ɗaure masa zabbi aka sa a mota.

Ranar Malam bai ci tuwo ba. Ya zauna ya sa kwanon gaba har miya ta daskare.

"Hansai, an tambaye ni ko wace ce, na ce ɗiyata ce."

"To ba ɗiyarka ba ce?"

"Ɗiyata ce. Ban yi ƙarya ba. Amma ba amsar ke nan ba. Bakina ya saba, direba ba shi gabatar da mai gida, mai gida kujerarshi ke gabatar da shi."

A ofis ma haka abin yake. Makanikai su miƙe su gaida Malam saboda furfurarsa, ita su gaishe ta daga zaune. A bayan idonta ɗiyar direba suke ce mata. Shawarar aiki ba a ɗakinta ake yanke ta ba, a wurin mai shayi ake yanke ta, ko a hanyar dawowa daga masallacin Juma'a, wuraren da ba ta iya zuwa. Sai ta zo da safe ta tarar an gama, an tura mota, an raba mutane. In ta yi shiru a ce ba ta iya ba. In ta ɗaga murya a ce Hajiya ta taso da faɗan cikin gida. Wani makaniki ya taɓa faɗa a gaban Malam, yana wasa da goro a hannu, cewa shi abin da ya sani ko a sahu mata baya suke tsayawa. Aka kwashe da dariya. Malam ya ci gaba da goge gilashi.

Sai ranar da aka ce manyan baƙi za su zo duba aiki. Malam ya je ɗauko ta, ya buɗe ƙofar baya, wannan karon bai roƙe ta ba.

"In ni na haife ki, shiga ki zauna."

Ta shiga. Ya ce bai dube ta ta madubi ba, amma yana jin shassheƙarta tun daga Ƙofar Durbi. Hanyarsu ta biyo ta unguwarmu saboda zai ɗauki wani abu a gida, ita kuma ta ce za ta gaishe ni. Ya tsaya daidai majalisar dattawan da ke gefen masallaci, ya fito, ya zagaya, ya buɗe mata ƙofa ya ɗan rusuna. Jikinsa ne ya yi, shekara da shekaru ya saba. Duk majalisar ta gani.

Ranar aikin ya yi kyau. Baƙin sun san wa za su gaida, leburori sun ji magana ba tare da an maimaita ba. Malam ya dawo yana cewa yau ya ga ɗiyarsa ta yi shugabanci. Kafin kwana biyu labari ya zaga unguwa, amma ba wannan labarin ba. Na je suna a maƙwabta, ina shiga wata ta ce a ba uwar oga tabarma, wata ta ce a'a, a shimfiɗa mata a gaba, baya na ɗiyarta ne. Na yi dariya tare da su, na dawo gida ban ci abincin sunan ba. Ɗanmu Sada, mai bi mata, yana sayar da kayan gyaran babur a kasuwa, ya shigo yana huci.

"Baba, ni ba ni iya zama shago. Ƙanen oga, ɗan yaron mota, haka ake kirana. Ka rusuna ma ɗiyar da ka haifa a gaban masallaci?"

"Aiki na yi."

"To aikin ya zubar mana da mutunci."

Bayan shi sai ga Alhaji Babba, yayan Malam, wanda ba ya taka gidanmu sai da dalili. Suka zauna a zaure, ni ina bayan ƙofa ina jin su. Ya ce shi bai zo faɗa ba. Ya ce ɗiyar da ta bari ubanta ya buɗe mata ƙofa, albarka ba ta bin ta, ko da shi uban ne ya sa ta. Ya ce tausayinta yake ji, kada a kai ta wuta saboda kujerar mota. Ya ce mace in ta yi ilimi ta taimaka daga baya, babu wanda ya hana, amma gaba akwai masu ita. Malam ya yi masa godiya. Da ya raka shi ya dawo, ya zauna a bakin rijiya.

"Hansai, anya ban cuce ta ba? Na kai ta inda ba a son ta. Da na bar ta ta yi malanta a makarantar mata, da yanzu tana zaune lahiya, kowa na gaida ta."

"Kai ka ce ta yi karatun."

"Ni na ce. Shi ya sa nike tambaya."

Wannan maganar ma ya faɗe ta, kuma ba zan ɓoye muku ita ba don ta yi wa masu cewa yana fushi daɗi. Ya faɗa. Na ji da kunnena.

Uwani ta koma gaba, ta rantse ba ta ƙara zama baya muddin shi ke tuƙi. Tana da ikon ta mai da shi wata motar, ta tankar ruwa ko ta ɗaukar bututu. Amma wace ɗiya ce za ta sa hannu ta sauke ubanta daga motar da ya tsufa a ciki? Da ta yi, da garin nan bai ishe ta zama ba. Shi ya ga haka. Wata safiya bayan ya idar da lazimi ya ce mini zai ajiye aiki. Saura masa 'yan shekaru kafin lokacinsa ya yi.

"Ka ajiye ka yi mi?"

"In zauna. Ni ne ƙayar da ke kujerar nan, Hansai. In na tashi ta samu wurin zama."

"Ka gaya mata?"

"In na gaya mata ita za ta riga ni ajiyewa."

Sai da ya gama komai ta sani. Ta zo gidan nan ta durƙusa gabansa tana kuka, tana cewa ya yafe mata. Ya ce babu abin yafewa, gwiwarsa ce ta gaji da taka kuloci. Ya miƙa makullin motar ga wani saurayi da aka ɗauka, ya nuna masa inda take shan mai da inda take ƙara, kamar mai kai ɗiya ɗakin miji.

Mutumin da ya saba da hanya, zaman zaure ciwo ne a gare shi. Asuba ta yi zai tashi ya ɗauki bokiti da tsumma, sai ya kai ƙofar gida ya tuna babu abin wankewa. Majalisa ya daina zuwa. Ya rame, kaftaninsa suka yi masa yawa. Amma in an tambaye shi sai ya ce alhamdu lillahi, Uwata tana kan kujerarta. Da wannan yake cin abinci.

Abin da bai sani ba, tashinsa bai ba ta wurin zama ba. Sabon direban saurayi ne, ba muharraminta ba. Ta zauna gaba kusa da shi, aka ce dubi matar aure da yaro kafaɗa da kafaɗa. Ta koma baya, Bishir kuma ya riga ya saba da wurin, ba ya tashi, aka ce dubi shugaba da mataimaki, Allah kaɗai ya san shawarar da ake yi. Maganar ta kai kunnen mijinta. Bai yi faɗa ba, ya dai ce ta duba masa mutuncinsa. Mota mai kujeru har biyar, aka rasa guda ɗaya da mace za ta zauna a bar ta lafiya. Sai ta riƙa cewa su yi gaba, ita za ta biyo su. In cikin gari ne ta hau mai ƙafa uku, in ƙauye ne ta bi motar haya. Ta isa a makare, an gama gaishe-gaishe, an san wane ne oga. Ni na sani, don ƙanwarta ta gaya mini. Ita Uwani ta roƙi kada a kai masa.

Da idonsa ya gani. Yana zaune a dakalin ƙofar gida da hantsi, sai ga farar motar ta biyo layinmu. Ya san ƙararta tun kafin ta bayyana. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula. Ta wuce, Bishir a baya shi kaɗai yana waya, gaba babu kowa sai direba. Malam bai zauna ba. Jim kaɗan sai ga mai ƙafa uku ta biyo, Uwani a ciki, an matse ta da wata mai buhun gawayi, ta rungume takardun aiki a ƙirji. Ta gan shi. Ta sunkuyar da kai.

Ya shigo gida yana jan ƙafa. Na ce lafiya? Ya buɗe baki, maganar ta fito a karkace. Kafin in ajiye muciya ya zube a tsakar gida.

Hawan jini ne, in ji likita, ya shanye masa ɓarin jiki. Muka yi jinya a asibiti, muka dawo gida muka ci gaba. Uwani ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu da cokali, ta tashi daga nan ta tafi ofis da jan ido. Ba ya iya doguwar magana. In ta shigo sai ya bi ta da ido guda mai lafiya, hawaye na bin gefen fuskarsa. Ko na tausayi ne, ko na takaici, ko na nadama, babu mai iya faɗa. A cikin kwanakin nan ne aka sa ranar da za a zauna a tabbatar da shugaba, ita da Bishir za su bayyana gaban manya. Sada kuwa ya daina gaishe ta. A gabana ya ce mata kujerarta ce ta kwantar da ubansu.

Bari in faɗi abin da ya biyo baya tukuna, don in na faɗi maganarsa ba zan iya ci gaba ba.

Ya rasu tana wurin aiki. Bayan sadakar bakwai na kira ta ɗaki na ba ta saƙon da ya bar mata. Ban ƙara ba, ban rage ba, yadda ya fito daga bakinsa haka na faɗa. Sada yana tsaye bakin ƙofa.

"To kin ji. Wasiyya ce. Abin da Alhaji Babba ya faɗa, shi ne Baba ya faɗa."

Ba ta kula shi ba. Ta matso kusa da ni, kusancin da ba mu taɓa yi ba tun tana goye.

"Iya, lokacin da ya faɗa, ya fuskarshi take?"

Na ce mata rabin fuskar ya riga ya mutu, ɗaya rabin kuma ban iya karanta shi ba. Gaskiyar ke nan. Sai ta ce to, Allah shi jiƙan shi. Ranar zaman tabbatarwa ba ta je ba. Aka ba Bishir. Ita ta nemi a mai da ita ɗakin ajiyar bututu da ke can bayan ofis, a nan ta ƙarasa shekarunta na aiki, tana miƙa kaya ga yaran da ta koya wa riƙe sifana. Ba ta sake ɗauko maganar ba. Tana zuwa gaishe ni duk Juma'a, ta kawo mini goro da sabulu, mu yi hirar jikoki. Ta yi furfura yanzu. In mota ta yi ƙaho a layi, ina ganin yadda take ɗauke kai.

Wata rana in ce wa kaina, mutumin da ya ajiye ta a kujerar mai gida tun ba ta iya tsarki ba, mutumin da ya bar aikinsa don ta samu wurin zama, ai ba zai ce ta ja da baya ba. Kashegari in tuna shi a bakin rijiya yana cewa anya bai cuce ta ba, in tuna abin da ya gani daga dakali, in ce wataƙila uba ne ya gaji da ganin ana wulaƙanta masa ɗiya, ya ce ta huta. Ke jikata da kika fara aiki bana, na ji an ce har an ba ki mutane a ƙarƙashinki, ban ce ki ɗauki ɗaya ki bar ɗaya ba. Na dai ce kada wani ya gaya miki ya sani. Babu wanda ya sani.

Ranar da zai rasu, da hantsi ne. Na gama shafa masa man zafi a ƙafa, ina gyara masa matashi. Wata mota ta wuce ta ƙofar gida, ba ma tasu ba ce, amma na ga ya kasa kunne har ƙarar ta ɓace. Sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya miƙa shi gefe, ya ja shi a hankali. Ko ƙofa yake buɗewa, ko mutum yake janyewa daga hanya, na kalli hannun nan ban gane ba. Kalmar shahada ya yi ta daga baya, da leɓe, Alhaji Babba ya shaida. Amma ni, maganar da ya yi mini ta ƙarshe a duniya, sai da na kai kunnena bakinsa na ji ta.

"Hansai. Ki ce ma Uwata ta zauna baya."